Inda Zakkar Yari Ta Tafi

Shekara goma sha huɗu ina riƙe da makullin rumbun majami'armu a Kaura Namoda, ban taɓa buɗe baki na tambayi Yari, wani manomi a cikinmu, zakka ba. Da kaka ta yi, tun bai ɗanɗana sabon gero ba, sai ka ga amalanke a ƙofar majami'a, dami ɗaya cikin kowane goma. Bana kuwa shiru kake ji. An yanke gero, an yanke dawa, har an yi godiyar kaka, mutumin yana zaune a bencinsa yana rera waƙa iya ƙarfinsa, ko a jikinsa.

Ni fa ba na son raini. Ana tashi sujada na tare shi.

"Yari, fari suka cinye maka gona?"

"Gona ta yi kyau, Baba Iliya. Mun gode Allah."

"To ina rabon Allah?"

"Ya tafi inda ya tafi," in ji shi, ya hau babur ɗinsa ya bar ni tsaye.

Inda ya tafi! Ranar ko tuwo bai shiga ba. Ana haka wata mai ƙosai ta ce da matata ta sha ganin sa da safe, ya ɗaure dami bibbiyu a babur ya miƙi hanyar Zurmi. Wa ke kai hatsi hanyar Zurmi a wannan zamani? Raina ya ce ko mutanen daji yake biya don su bar masa gona, ko kuwa wata ya aje a ɓoye. Ko wanne ne, da hatsin Ubangiji yake yi.

Na kai maganar gaban dattawa. Fasto Barnaba, wanda bai fi shekara biyu da fitowa makarantar Littafi ba, ya ce mu bi a hankali.

"Baba, zakka dokar Musa ce. Mu alheri ya cece mu. In za mu kama mutum da ita, sai mu kama shi da Asabar da hadayar rago."

"Fasto, albashinka daga alheri yake fitowa ko daga rumbuna?"

Dattawa suka tuntsire da dariya, shi kuwa ya sunkuyar da kai. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Aka kira Yari, aka tambaye shi sau uku, ya ce ba zai faɗa ba. Muka sa shi horo: wata uku ba zai ci jibin Ubangiji ba, wato gurasar da ake raba wa masu bi a sujada. Ran Lahadi aka sanar a gaban kowa, matarsa tana share hawaye da bakin zane.

Duk da haka hankalina bai kwanta ba. So nake in kama shi da idona, in kawo wa Fasto hujja. Ran Talata da safe na ɗauki ɗan acaɓa na bi shi daga nesa. Ashe ko gari bai fita ba. A bakin gari ya karkata wani kangon gini inda mutanen da suka gudo daga ƙauyuka suke fakewa. Ya sauke dami biyu, ya juya. Na ce yauwa, mace ce!

Na kutsa kai ba sallama. Na ishe ta durƙushe tana sussuka, yara huɗu kewaye da turmi. Ta ɗago.

Tabita ce, matar ƙanena da aka harbe a gonarsa bara.

"Yaya, sannu da zuwa," ta ce, ta jawo mini tabarma.

"Tabita, ba kin ce za ki wajen danginki a Shinkafi ba?"

"Na je. Su ma sun watse. Ai na zo maka lokacin damina, Yaya, bakin rumbun majami'a. Ka ce hatsin ciki na gidan Allah ne, ba a taɓa shi sai dattawa sun zauna."

Haka na ce. Kuma ban taɓa kai maganar gaban dattawan ba, na manta da ita tun ranar.

"Yari yana gyaran jinkar rumbun a lokacin, ya ji mu," ta ce. "Ni na roƙe shi kada ya faɗa wa kowa. Ban so a ce kai ne ka kore mu ba."

Kunya ta kama ni har na kasa kallon yaran. Babban kamarsu ɗaya da ubansa.

Lahadin da ta biyo baya ta jibi ce, kuma ni ke raba gurasa a ɓangaren maza. Da na iso bencin Yari na tsaya, na miƙa masa tire. Ya dubi gurasar, ya dube ni.

"Ina cikin horo, Baba," ya ce a hankali.

Na miƙa wa dattijon da ke bayana tiren. Na ce da Yari ya matsa mini, na zauna kusa da shi, gurasa ta wuce mu duka biyu.