Waƙa ta Uku a Kaset ɗin Vitalis

"Ba ita ba ce, Tela," in ji Vitalis. "Wannan tana dukan ƙirjina. Ka wuce tawa. Mayar baya."

Na ɗauke rediyon daga kan ƙirjinsa, na zaro kaset ɗin, na zura biro na shiga murzawa, don maɓallin mayarwar ya daɗe da mutuwa. Yana kwance a katifa a ƙasa. Tun da ƙafafunsa suka kumbura hawa gado ya gagare shi. Matarsa Ugoma, wadda muke kira Maman Olaedo, tana bakin ƙofa tana tsintar wake, ba ta ko ɗago kai ba.

Gidan haya ɗaya muke a Bolari, ɗakina na kallon nasa. Ni ɗinki nake yi a zaure, shi kuma gyaran wayar mota yake a bakin tasha. Ya zo Gombe yana saurayi, ya tsufa a nan, Hausa kuwa kamar jakin Kano. Kaset ɗin nan na mawaƙan Jamaika da shi ya zo daga garinsu. Rubutun jikinsa ya goge, an liƙe zaren da salatif a wurare da dama, amma duk Lahadi in ya dawo daga coci sai ya sa shi tun daga farko har ƙarshe.

A kansa muka yi shekaru muna musu. Ni tawa waƙar ita ce ta farko in an juya kaset, mai ƙaho kamar kakaki da ganga mai nauyi. Ba na jin abin da suke faɗi, amma ƙafata tana son ta a kan keken ɗinki. Shi kuwa ta uku ce tasa, murya ɗaya da jita, a hankali kamar mai lallashin jariri.

"Taka hayaniya ce kawai," yakan ce. "Ta masu tashe."

"Taka kuma ta masu zazzaɓi."

Da muka kai ƙara wurin Maman Olaedo, cewa ta yi, "Ni ta ƙarshe nake so. In na ji ta na san kunnena ya kusa hutawa."

Ranar da bam ya tashi a tashar, yana ƙarƙashin wata bas yana ɗaura waya. Ko ƙwarzane bai yi ba, muka yi ta yi masa barka. Ashe kunnuwan sun tafi. Daga nan jininsa ya hau, sai ƙoda. 'Yan uwansu da dama suka tattara suka koma Kudu, 'yarsu Olaedo tana bugo waya kullum daga can tana kuka, shi kuwa ya ce ba zai yi kwana biyu a mota ana sauke shi a kowane shinge ba.

A ranar da nake ba da labari, da safe mun ji harbe-harbe daga bakin gari, jirgi ya yi ta shawagi ƙasa-ƙasa. Kafin azahar aka sa dokar hana fita, ba dare ba rana. Ba mu ma tsorata sosai ba. Mun gaji da tsoro. Matata Suwaibatu ta rufe ƙofar gida, ta koma ta ci gaba da wankinta.

Na mayar da kaset ɗin, na danna, na ɗora masa rediyon. Jitar ta fara. Ya riƙe shi da hannu biyu, ya rufe ido, yana jira.

"Ta fara?"

Na gyaɗa kai, sai na tuna idonsa a rufe yake. Na taɓa kafaɗarsa.

Ya daɗa matse rediyon. Can ya buɗe ido. "Babu komai, Tela. Taka ce kawai take shigowa, saboda gangar. Tawa ba ta da abin da zai taɓa ni." Ya yi 'yar dariya, tari ya biyo. "Ka ci musun."

"Ban ci ba," na ce da ƙarfi, kusa da kunnensa. "Ba haka ake ci ba."

Ban san ko ya ji ba. Na kama hannunsa, na juya bayan, na fara ɗan bugawa da yatsa daidai da jitar. Ban taɓa sanin na haddace ta ba. Shekara da shekaru tana ratso tsakar gida tana shiga kaina ina zagin ta. Inda muryar ta hau na danna, inda ta sauka na sassauta. Sai na ga leɓɓansa suna motsi. Ya kama wurin. Ya fara rerawa, murya a shaƙe, ya kauce wa karin gaba ɗaya, amma kalmomin suna faɗowa daidai da na mawaƙin.

Maman Olaedo ta ajiye faifan wake a cinyarta.

"Me take cewa ne?" na tambaye ta.

"Wani ne ya gaji da tafiya," ta ce. "Yana roƙon a bar shi ya zauna kaɗan." Ta share hanci da bakin zane. "Da ita ya neme ni aure. Na ce masa wannan ai ba waƙar neman aure ba ce."

Da ta ƙare ya ce a sake. Na murza biro, muka sake. A karo na gaba bai rera ba, yatsansa kawai yake amsa nawa. Aka kira la'asar, kowa ya yi a ɗakinsa. Da na dawo na tarar da Suwaibatu a tsaye a ƙofarsu, hannu a baki, Maman Olaedo kuma a durƙushe tana kiran sunansa a hankali da yarensu.

Ba wuta, ga zafi. Gawa ba za ta kwana a ɗakin nan ba. Na fita titi hannuwana a sama har shingen sojoji.

"Kai! Ina za ka?"

"Ranka ya daɗe, maƙwabcina ne ya rasu. Muna so mu kai shi asibiti, ɗakin ajiye gawa."

Sojan ya daɗe yana kallo na. Idanunsa sun yi ja, shi ma da gani bai yi barci ba.

"Keke ɗaya," ya ce. "A hankali. Kada ku tsaya ko'ina."

Bawa mai Keke Napep na bayan gidanmu bai yi musu ba, ya ce Allah Ya ba mu haƙuri, ya fito da ita. Muka naɗe Vitalis a zanen gado, muka kwantar da shi a kujerar baya. Doguwar halitta ce, ƙafafunsa suka leƙo waje. Ni na zauna gefen Bawa, Maman Olaedo ta tsuguna a ƙasan keken tana tallafe da kansa.

Ban taɓa ganin titin Bolari haka ba. Shaguna a rufe, ba mota, ba babur, sai tumaki kwance a tsakiyar kwalta, Bawa yana kewaye su. Iska ta ɗage zanen daga ƙafafunsa. Maman Olaedo ta kwance ɗankwalinta, ta miƙa hannu ta rufe su, ta riƙe bakinsa har muka isa.