Hoton Tela a Jikin Motar Talla

Mai magani ya sa aka jingina Tela da matashi, ya danƙa masa kwalin maganinsa, ya ce ya ɗan yi murmushi za a ɗauki hoto. Matar Tela na tsaye da kwanon amai a hannu, haushi kamar ya kashe ta.

"Maman yara, ɗan matsa, kin tare mana haske," in ji Yaya, wan mijinta.

Ita ta raka Tela asibiti ranar da likita ya ce dajin hanta ne. Ya yi mata bayani cewa a cikin ƙarin akwai wasu ƙwayoyi kamar saiwa, su ke sa ya sake tohowa. Masu bincike na bin alamomin da za a gane su a kashe, amma aikin bai zama magani ba tukuna. Ya ce su dawo a fara da abin da ake da shi.

Sai ga Yaya da wannan mutum mai kwat da ƙamshin turare, wai garin maganinsa na sitem sel, irin ƙwayoyin da likita ya ambata, sabuwar hanta yake tsirarwa, sharaɗin kawai kada a haɗa da na asibiti. Ta ce ai likita ya ce ba a kai nan ba. Yaya ya tambaye ta yaushe ta zama likita, ita da ko rubuta sunanta sai an kama mata hannu. Tela ya dubi wansa, ya dube ta, ya runtse ido.

Ranar komawa asibiti ta zo ta wuce.

*

Kullum da safe takan ɗauko tef ɗin awonsa ta zagaya cikinsa da shi. Kullum ya ƙaru. Mai magani ya ce dattin ne ke taruwa zai fita.

"Kin iya awo yanzu," in ji Tela. "Na bar miki shagon."

"Tashi mu tafi asibiti, Malam."

"Yaya zai ji ba daɗi."

Da Yaya ya yarda a tafi, likita ya danna cikin, ya daɗe bai ɗago kai ba.

*

Bayan ta fita takaba, tana share ƙofar shago, motar talla ta tsaya da lasifika. A jikin motar ga hoton Tela, da kwali a hannu, yana murmushi. Ta tambayi wata mai wucewa me aka rubuta a ƙasan hoton.

"Wai ya warke sarai," in ji matar, ta matsa ta shiga layi.