Ƙululun Saiwar Wake

Garin cire ciyawa Inna ta tuge tushen wake, sai ga saiwarsa cike da ƙulu-ƙulu, jere kamar duwatsun wuya. Irin wannan ƙarin ne ya fito wa maigidanta a maƙogwaro, bai sake shi ba sai da ya kai shi kushewa. Ga shi ba ta da abin kaiwa baki bana in ba wannan gajiyayyar gona da dangin miji suka bar mata ba.

Da ta kai wa mai shagon maganin feshi, ko taɓa saiwar bai yi ba.

"Ai Inna, cuta ta gama da ƙasar nan. Ki tumɓuke duka ki ƙone, sannan ki kwarara wannan."

Ya turo mata jarka marar ko rubutu, wadda yake turo wa kowa, tsutsa ce ta kawo mutum ko ƙarancin ruwa.

* * *

Ta ci kusan rabin gonar da tumɓuka, tana yi tana share ido da gefen zane, sai ga ɗan gwaggonta, tsohon malamin gona, yana tura kekensa da ya yi faci.

"'Yar kawu, girbi tun wake bai yi fure ba? Yunwar ta kai haka?"

"Rabu da ni, uban 'yan surutu. Cuta ce, in ji mai shagon magani."

Ya ɗauki saiwa ɗaya, ya fasa ƙululu da farce. Cikinsa ja-ja, kamar dasashin jariri. Ya tuntsure da dariya har keken ya faɗi.

"Baƙin arziki kike kora! Wasu 'yan halittu ne da ido ba ya gani. Wake ya ba su masauki da abinci, su kuma su kamo masa naitrojin daga iska, abin nan da ake sayarwa a buhun taki. Mu kullum muna shaƙarsa muna fitarwa a banza. Masara ma tana tsaye tsamo-tsamo cikinsa, tana ramewa."

"To, mu ta ina muke samu?"

"Ki ci wake, akuyarki ta ci harawa. Jikin nan naki da kike taƙama da shi, ai da iska aka ɗinka shi."

Inna ta zauna daɓas a kan kunya. Ta ja numfashi mai tsawo, ta riƙe shi kaɗan, ko za ta ji ɗanɗanon abin.

"Ashe gonar ba mutuwa za ta yi ba."

"Baɗi ma sai ta fi bana. Mutuminku na shago kuwa, gonar wa ya taɓa shiga?"

Da ya wuce, ta dubi sauran rabin, kore shar, yana rausaya. Sannan ta durƙusa gaban tulin da ta tara don wuta, tana zaɓo waɗanda ba su gama yaushi ba. Ta tona rami da yatsa, ta mayar da saiwa, ta danne ƙasa a hankali. Tana ɗaga hannu, tushen ya kwanta.