Doguwa a Bencin Ƙarshe

A makarantarmu doka ce: gajeru gaba, dogaye baya. Hedimasta ne ya kafa ta tun kafin in zo, kuma yana ji da ita kamar shi ya ƙirƙiro tsawo. Farkon shekara sai a jera yara a jikin bango, a auna su da ido, kowa a nuna masa wurinsa. Haka wata yarinya da ake kira Doguwa ta samu kanta a bencin ƙarshe na aji uku, kusa da tagar da ba ta rufuwa, ita da ƙawarta Falwaya. Sunan Falwaya ma ya ishe ku bayani, tsawo kamar sandar wayar lantarki.

Ni ce malamar ajin, kuma ba yabon kai ba, na san yarana kamar yunwar cikina. Na san mai kuka in fensirinsa ya karye, na san wanda fitsari ba ya matsarsa sai an ce a fito da littafin lissafi. Doguwa kuwa, in na yi tambaya, kafin in rufe baki hannunta yana sama. Ba ta taɓa fita daga sahun farko ba.

Da makon jarrabawar ƙarshen shekara ya zo, sai muka bi tsarin da muka saba: a raba abokan zama, a rubuta tambayoyi a kan allo, kowa ya kwafa ya amsa. Falwaya ta koma can gefen ƙofa, Doguwa ta zauna ita kaɗai.

Ranar Litinin muka yi lissafi. Da na zo kan takardar Doguwa sai da na sake duba sunan, don abin da ta ci ko ɗan aji ɗaya ba zai kai gida ba. Talata muka yi kimiyya, ta bar rabin takardar fari fat. Na tambaye ta ko ba ta da lafiya ne.

"Lafiyata lau, Malama," ta ce, kanta a ƙasa.

Hedimasta mutum ne mai duba maki kullum kafin a tashi, don haka da safiyar Laraba ya aika a kira ni. Na same shi da takardun biyu a gabansa, yana kaɗa ƙafa irin ta wanda ya kama ɓarawo.

"Malama, ruwa ba ya tsami banza. Daga raba ta da Falwaya, asiri ya tonu. Shekara guda yarinyar nan tana satar amsa a gaban idonki. Ranar Juma'a zan kira sunanta a gaban taron makaranta, sannan ta koma aji biyu."

Raina ya ɓaci, ban kuma ɓoye ba. "Ranka ya daɗe, Falwaya ba ta taɓa wuce tsakiyar aji ba. Ta ina ɓarawo zai sato abin da mai gida ba shi da shi?"

Maganar ta shige shi, amma Hedimasta ba ya sauka daga magana a rana ɗaya. "Ki kawo min hujja kafin Juma'a. In babu, magana ta ƙare."

Na ce to. Ban san me zan kawo ba, amma na san yarinyata ba ɓarauniya ba ce.

Ranar nan jarrabawar zamantakewa muka yi. Na rubuta tambayoyin, na koma bayan aji na tsaya kamar mai duba taga. Doguwa ta miƙa wuya, ta kankance ido, fensir a hannu amma ba ta rubuta komai ba. Can sai na hango Falwaya daga gefen ƙofa ta juyo, ta kare baki da hannu, tana raɗa mata wani abu. Na ce a raina, shi ke nan, Hedimasta ya ci.

Na isa kan Falwaya kafin ta ankara. "Me kike gaya mata?"

Ta ce, "Wallahi Malama ba amsa ba ce. Ai ni ma ban san amsar ba."

Aji ya fashe da dariya. Na daka musu tsawa suka yi tsit.

"To mene ne?"

"Tambayar nake karanta mata. Kullum ni nake karanta mata allo, ita kuma in mun tashi ta koya min. Yanzu an raba mu, ba mai karanta mata."

Na je gaban allo na rubuta sunan Doguwa da irin rubutun da nake yi kullum, na ce ta karanta daga wurinta. Ta yi ta kallo, sai ga hawaye.

"Fari-fari kawai nake gani, Malama."

Da aka tashi na tafi ofis kai tsaye. Hedimasta ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya yi murmushi. "Yaran yanzu da wayo, Malama. Sun shirya miki ne."

"Gani ya kori ji, ranka ya daɗe. Gobe ka zo da tambayoyinka, ka rubuta da hannunka, ka duba da hannunka. Abu ɗaya nake roƙo, ta zauna gaba. In ta faɗi, ni da kaina zan kama hannunta in kai ta aji biyu."

Ya amince, ina jin don ya tabbata zan sha kunya ne.

Da safiyar Alhamis na jawo benci na sa shi a gaba, a jikin bango ta gefe, yadda tsawonta ba zai kare kowa ba. Hedimasta ya shigo, yara suka miƙe suka gaishe shi da ƙarfi kamar za su ɗaga rufin. Ya cika allo da lissafi, har da irin wanda sai aji huɗu ake yi, na gani na yi shiru. Doguwa ta dubi allo, ta sunkuya, fensirinta bai ƙara tsayawa ba. Ni kuwa na zauna a kujerata ina fiƙe wa yara fensir, hankalina kwance.

A tsaye ya duba takardar. Ya bi ta daga sama har ƙasa, ya sake komawa sama yana neman abin kamawa. Ɗaya kawai ta kuskure, shi ma cikin na aji huɗun ne.

Ya dube ta. "Ke, me ya hana ki faɗa tuntuni?"

"Na taɓa matsowa gaba, monita ya kore ni. Ya ce dogaye baya."

Hedimasta ya gyara murya, ya sake gyarawa. Daga ƙarshe ya ce min a kira mahaifinta ya kai ta wajen likitan ido, bencin kuma a bar shi inda yake. Ya fita bai ko ɗauki allinsa ba.

Ranar Juma'a aka yi taro aka watse ba a kira sunan kowa ba. Muka shiga aji don jarrabawar ƙarshe, na rubuta kwanan wata a saman allo yadda na saba. Ina juyowa na ga hannun Doguwa a sama.

"Malama, furen nan da kika zana a gefen kwanan wata ya yi kyau. Na yau ne saboda an gama jarrabawa?"

Kafin in buɗe baki wani ɗan gajere a bencin gaba ya riga ni. "Ai kullum tana zanawa. Tun ranar da muka shigo aji uku."

Doguwa ta sake duban furen, ta daɗe tana kallo. Tausayinta ya kama ni har sai da na juya wa aji baya, na ɗauki alli na fara rubuta tambaya ta farko da manyan baƙi.