Gurbi Ɗaya a Motar Maradi

Shekarar da aka kai Dalhatu aiki likitar Cadawa, wato ƙaramin asibitin garin, damina biyu ke nan ruwa bai zauna ba. Bai daɗe da gama lakol, wato makarantar jinya, ba, yana da farar riga biyu da agogon hannu da yayansa ya sayo masa a Katsina. Har ya tsufa, in ana zancen farin shekarar tamanin da huɗu, tsakar gidan likitar nan yake fara tunawa: gawo biyu, randar ƙasa, da ƙanshin kunun da ake damawa cikin rabin duro.

Makiyaya ne suka fi yawa a wurin. Sun gangaro daga arewa da abin da ya rage musu, suka kafa bukkoki bayan likitar. Cikinsu akwai wata dattijuwa, Dija, da jikarta Asta mai shekara huɗu. Garkensu ya kai sittin a da, amma saniya biyu ce ta iso Cadawa. Dija ba ta iya zama haka nan. Ita ke wanke ƙore, ita ke riƙe yara in za a yi musu allura, kuma Hausarta mai karkatar Fulatanci takan sa mata dariya ko a ranar da aka yi rashi.

Kowace safiya Dalhatu kan bi tabarmi ɗaya bayan ɗaya, ya kama wuyan hannun yaro, idonsa na kan agogo, ya ƙirga bugun minti guda ya rubuta. In ya wuce, sai Dija ta durƙusa ta ɗora kunnenta a ƙirjin yaron, ta daɗe a haka. Da ya tambaye ta, ta ce haka mahaifinta yake yi wa maruƙa marasa lafiya, kuma ita ba ƙirga take yi ba. Zuciya mai sauran ƙarfi, in ji ta, takan ɗan yi sauri in an ja numfashi, ta ɗan lafa in an sake shi. Wadda ta gaji ƙwarai kuwa bai ɗaya take bugawa, kamar an ɗaure ta.

Dalhatu ya tuna wani malaminsu ya taɓa faɗin abu makamancin haka, a gurguje, ba wanda ya rubuta. Ya fara gwadawa da abinsa na sauraren ƙirji. Zuciyar yara akwai gudu, sai da ya yi kusan mako biyu kafin kunnensa ya kama bambancin.

Duk Alhamis wata landiroba kan taso daga Gazawa ta kwashi waɗanda jikinsu ya tsananta zuwa babban asibitin Maradi. Wata Alhamis ta iso Cadawa cike, direba ya ce gurbin yaro ɗaya da uwarsa ya rage. Kwana huɗu ke nan Asta na zawo, idanunta sun faɗa, tana kuka ba hawaye. Kusa da ita akwai Nomau, ɗan wata manomiya mai suna Baturiya, ƙafafunsa a kumbure, yana kwance shiru. Ƙirgar bugunsu kusan ɗaya ce. Dalhatu ya rubuta sunan Asta a takarda.

Dija ta kama hannun rigarsa.

"Likita, ɗan Baturiya za ka sa."

"Inna, jikarki ce fa."

"Na san jikata ce. Zuciyarta na wasa har yanzu. Ta yaron nan tun jiya ta daina."

Direba na ta danna oda. Dalhatu ya durƙusa ya saurari Asta, ya koma ya saurari Nomau, ya sake komawa kan Asta. Abin da tsohuwar ta faɗa yana nan. Ya soke sunan, ya rubuta ɗayan. Baturiya ta hau mota da ɗanta a goye, ko godiya ba ta samu bakin yi ba. Dija ba ta kalli motar ba, ta koma ta zauna ta ɗora kan Asta a cinyarta.

Kwana uku Dalhatu da Dija suka yi suna ba yarinyar dafaffen ruwa mai gishiri da sukari, cokali bayan cokali, suna karɓa-karɓa. Dalhatu bai iya cin abincin kirki ba, yana ta tunanin abin da zai ce wa majo, shugabansa a likitar, in ta mutu. Dija kuwa waƙar tatsar nono take yi mata ƙasa-ƙasa. Rana ta huɗu Asta ta ture cokalin ta ce fura take so, matan da ke wurin suka kwashe da dariya.

Bayan mako biyar Nomau ya dawo da ƙafarsa. Takardar Maradi ta nuna cuta ce ta shiga jininsa, kuma a kan gaɓa ya isa.

Dalhatu ya yi shekara talatin yana aiki, yawancinsu a Gidan Rumji, bai daina wannan sauraren ba. Ba kullum yake faɗa masa gaskiya ba, shi ya sa bai taɓa dogara da shi kaɗai ba. Gab da ya ajiye aiki ya ji masu bincike na auna tazarar bugun da na'ura, ya so a ce akwai wanda zai kai wa Dija labari.

Amma ita tun daminar tamanin da biyar ta tafi. Da ciyawa ta fito, danginta suka kwance bukkoki. Saniya ɗaya ta rage, Asta na jan igiyarta. Dalhatu ya raka su har bayan gari, inda gonaki suka ƙare. Dija ta sa masa albarka da Fulatanci, ta ce masa ya riƙa cin abinci, ya rame da yawa. Ya tsaya yana kallonsu har suka shige cikin sabara, sannan ya juya, don akwai mutane na jiransa a likita.