Tarin da Kausar Ta Ƙirƙiro

Wata makarantar likitanci ta ƙasar waje da Kausar ke neman shiga ta buƙaci ta rubuta wahalar da ta taɓa sha. Ita kuwa 'yar darakta ce a Abuja, ko ɗauke wuta ba ta sani ba. Sai ta ƙirƙiro wa mahaifiyarta ciwon huhu: tari, rama, jini a hankici.

Ta karanta wa Gwaggo Maimuna, wadda ta kawo musu kankana daga Zuba.

Gwaggo ta ce, "Goge! Ba a yi wa mai rai mugun fata, balle uwa."

"Labari ne kawai, Gwaggo. Na ma riga na tura."

Daga kicin suka jiyo Mama tana tari. Ta tsagaita, ta sake. Can ta ce, "Kausar, miƙo min hankici."