Ki Cije, Safiyatu

"Ba zan rubuta ba," na ce wa Malam Barau.

Shi ne shugaban makarantar da nake koyar da kimiyya a Ajingi. Ya miƙo mini alli da wata takarda mai ɗauke da amsoshin jarrabawar fita ta 'yan aji uku. So yake in kwafe su a allo, tunda mai sa idon da aka turo daga Kano ya tafi ofis cin tsiren da aka sayo masa.

"Malama, taimakon yara ne. Kowa yana yi."

"Na taimake su shekara uku, ranka ya daɗe. Wanda ba ya shiga aji sai ranar albashi, shi ya kamata ya taimake su yau."

Na ja kujera na zauna a bakin ƙofa har aka tashi. Babu malamin da ya iya wuce ni da alli a hannu. Maza shida, kowanne da babbar riga da carbi, suna leƙe ta taga kamar kajin da aka hana tsaba.

Bai isa ya kore ni ba, don haka sai ya loda mini aiki. Ya ƙara mini lissafi da aikin gona a kan nawa darasin. In na shiga ɗakin malamai sai hira ta mutu. Malam Kamalu mai koyar da Turanci, wanda ba ya iya rubuta wasiƙa sai da ƙamus a cinya, ya raɗa mini suna Alƙaliya.

Na je Gaya na faɗa wa Baffa, mahaifina. Ya ce, "Kin yi daidai. Ki cije, Safiyatu." Ƙawata ma da na kira a waya abin da ta ce ke nan. Ban zubar da hawaye ko sau ɗaya a makarantar ba. Kullum ni ce farkon zuwa, da gogaggen hijabi.

Sai na fara tashi da safe muƙamuƙina a ƙage. Bakina ba ya buɗuwa sosai sai na gasa shi da ruwan ɗumi. Wuyana da kafaɗuna kamar na kwana ɗauke da buhun gyaɗa. Gwaggo Hansai, yayar Baffa da nake zaune a wurinta, ta tsare ni muna shan koko.

"'Yar nan, me kike tauna a barci? Ƙurus-ƙurus kamar akuya tana tuƙa! Na ɗauka ɓera ne a buhun masara, har na ɗauko muciya."

Ta ce tsutsar ciki ce, ta jiƙa mini saiwa mai ɗaci. Da bai yi ba, ta kai maganar gidan suna don neman shawara. A gidan sunan akwai matar Malam Barau. Kafin kasuwa ta sake ci, gari ya ɗauka cewa Alƙaliya tana da iska, aljanunta ne ke cin haƙora. Wai su ne ma suka sa ta yi wa shugaba tsawa.

"Allah ya ba ki lafiya, Malama," in ji Malam Barau, yana langaɓe kai. "Akwai mai ruƙiyya a Balan, ƙwararre ne."

"Amin. In ya gama da ni sai ya duba muku aljanin da ke hana ku shiga aji."

Ranar wata Asabar ina cin gyaɗa sai na ji ƙas! Turmin haƙorina na hagu ya tsage biyu. Na hau bas zuwa Kano. Likitar haƙori ta haska bakina ta daɗe tana dubawa.

"Shekararki nawa?"

"Ashirin da shida."

"Haƙoranki sun siɗe kamar na mai sittin. Babu tsutsa, babu iska. Damuwa ce. Abin da kika danne da rana shi jikinki ke cijewa in kin yi barci."

Dariya ta kama ni, amma muƙamuƙin ya hana ni yin ta. Kowa ya ce in cije, ni kuwa ɗaliba ce mai bin umarni har cikin barci.

Ta cire turmin, ta auna mini wata roba da zan riƙa sawa a baki in zan kwanta. Ta ce in rage damuwa, kamar damuwa gishiri ce a miya.

Da sakamako ya fito, yara goma sha ɗaya ne suka ci cikin arba'in da uku. Malam Barau ya rubuta wa ofishin ilimi cewa ba ni da cikakkiyar lafiya, iyayen yara kuma suka dangwala hannu. Aka kira ni aka ce in na nemi afuwarsa a rubuce, maganar ta wuce. Na ce ban san laifin da zan rubuta ba.

Sai aka canza mini wurin aiki. Yanzu ina koyarwa a wani ƙauye bayan Gafasa, inda babur ke sauke ni in ƙarasa da ƙafa. Turmi na biyu ya bi na farko a watan azumi. Da gefe ɗaya nake tauna, rake da ƙashi kuwa na bar su har abada. Iyayen yara talatin da biyu ba sa amsa gaisuwata, kuma uku daga cikin 'yan matan da suka faɗi ba su koma makaranta ba.